Yaƙin Hitila da Amanar Mai Karanta wa Jama'a Labari

Zuwa ga malamai da almajirai na Tursa da Rabah da Wurno da Goronyo, da dukan wanda takardar nan ta isa hannunsa. Ku sani muna nufin yin magana a kan babban yaƙin duniya na biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, wanda ya tashi cikin shekarar 1939, daidai da 1358 ta Hijira, ya ƙare cikin 1945, daidai da 1364. Watakila wani ya ce, ina ruwanmu da faɗan da Turawa sunka yi tsakaninsu, tun da ƙasa ta rufe mafi yawan waɗanda sunka gan shi? To, ku sani yaƙin nan ya shigo har cikin rumbunanmu, ya ɗebi samarinmu, ya rufe mana hanyar Ƙonni, kuma kafin ya taɓa ko ɗaya cikin waɗanga sai da ya fara aiko da labari. Labari kuwa a wancan zamani ba ya isa kunnen manomi sai ta bakin mai karatu. Saboda haka zancen ya shafe mu, mu masu tawada da takarda, fiye da kowa.

Fasali a kan mafarin yaƙin

Tushensa yana cikin ƙarshen yaƙin da ya gabace shi, na 1914 zuwa 1918. Da anka rinjayi Jamus, sai waɗanda sunka yi galaba sunka taru a fadar Versailles kusa da babban birnin Faransa cikin 1919, sunka ɗora mata laifin yaƙin, sunka hana ta riƙe soja fiye da 100,000, sunka aza mata tara wadda anka ƙayyade cikin 1921 a kan mak na zinariya biliyan 132. Sunka kuma raba ƙasashen da take mulki a Afirka, har wani yanki na Kamaru ya faɗo hannun Ingilishi anka haɗa shi da lardin Barno da na Adamawa. Jamusawa sunka haɗiye wanga wulaƙanci, amma bai narke a cikinsu ba.

Sa'an nan cikin 1929 kasuwa ta faɗi a Amurka, faɗuwar ta bi duniya duka. A nan wurinmu kuɗin gyaɗa da auduga ya karye, manomi ya rasa abin biyan haraji. A Jamus kuwa, zuwa 1932 mutum wajen miliyan 6 ba su da aikin yi. Cikin wanga hali Adolf Hitila ya sami masu saurare. Ya gaya musu wahalarsu duk aikin Yahudawa ne da maciya amana na cikin gida, ya gaya musu jininsu ya fi na dukan 'yan Adam daraja, baƙar fata kuwa su ne a ƙarshen sahu, ya ce musu kuma suna da hakkin ƙwace ƙasar maƙwabtansu na gabas su zauna. Mai jin yunwa da haushi ba ya tsayawa auna magana idan an nuna masa wanda zai zarga. Cikin Janairun 1933 Hitila ya zama shugaban gwamnati, kuma bai cika wata biyu ba sai da ya kafa ma'aikata guda wadda ba ta da aiki sai juya tunanin mutane, ya danƙa ta ga Joseph Goebbels. Anka ƙona littattafai a fili cikin Mayu na shekarar, anka rufe bakin jaridu, anka ƙera akwatin rediyo mai araha domin muryar gwamnati ta shiga kowane ɗaki.

Dalili na biyu shi ne shirun masu ƙarfi. Japan ta ƙwace Manchuria daga Sin cikin 1931, ba wanda ya hana ta. Italiya ƙarƙashin Musolini ta faɗa wa Habasha cikin Oktoban 1935, tana zuba wa mutane iskar guba daga jiragen sama. Sarki Haile Selassie ya tafi Geneva cikin 1936 ya kai kuka gaban Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani, anka saurare shi, anka watse. Ingila da Faransa suna tsoron sabon yaƙi, kuma bakinsu ya yi nauyi ga hana wani cin ƙasar mutane, zama su ma suna riƙe da ƙasashen mutane, har da tamu. Cikin Satumban 1938 sunka zauna da Hitila a Munich sunka yarje masa wani yanki na ƙasar Czechoslovakia don ya lafa, cikin Maris na 1939 ya haɗiye saura. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ku lura da yadda anka buɗe ƙofar yaƙin. Cikin Agustan 1939 Hitila ya ƙulla alkawari da Stalin na Rasha a kan ba za su taɓa juna ba, sunka raba Poland a ɓoye. Daren 31 ga watan, waɗansu ma'aikatan Jamus sunka yi shigar mutanen Poland, sunka faɗa wa gidan rediyon Jamus da ke Gleiwitz, sunka yar da gawar wani mutum da su da kansu sunka kashe, domin ta zama shaida. Da gari ya waye, 1 ga Satumba, rundunar Jamus ta shiga Poland, ana shela cewa ramuwa ce. Ranar 3 ga wata Ingila da Faransa sunka ɗaura yaƙi. Yaƙin da ya ci rayuka fiye da miliyan 50 da labarin ƙarya anka fara shi.

Fasali a kan yadda anka gwabza

Da farko Jamus ta yi ta cin ƙasashe da tankoki da jiragen sama masu tafiya tare, ba ta ba abokin gaba damar shiri. Faransa, wadda muke gani mai ƙarfi a Tawa da Maraɗi da Damagaram, ta faɗi cikin mako shida, cikin Yunin 1940. Ingila ta tsira domin teku da jiragen samanta. Ranar 22 ga Yunin 1941 Hitila ya warware alkawarinsa ya auka wa Rasha, ranar 7 ga Disamba na shekarar kuma Japan ta kai wa jiragen ruwan Amurka hari a Pearl Harbor. Daga nan wuta ta game duniya.

Ƙarshen 1942 al'amari ya fara juyawa. Anka karya rundunar Rommel a El Alamein cikin ƙasar Masar cikin Nuwamba, anka kewaye wata babbar rundunar Jamus a Stalingrad har ta miƙa wuya cikin Fabrairun 1943. Abin da ya yanke hukunci daga nan shi ne wadatar ƙarfe da mai da abinci da yawan mutane, kuma a nan Amurka da Rasha da ƙasashen da Ingila ke mulki sun fi Jamus da Japan nesa. Ranar 6 ga Yunin 1944 rundunar ƙawance ta sauka a gaɓar Normandy, Rashawa sunka shiga Berlin cikin Afrilun 1945, Hitila ya kashe kansa, Jamus ta sallama ranar 8 ga Mayu. Amurka ta jefa bam na nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, da Nagasaki ranar 9, Japan ta sa hannu ranar 2 ga Satumba. Tarayyar Sobiyet kaɗai ta rasa mutum wajen miliyan 27. Yahudawa wajen miliyan 6 gwamnatin Hitila ta halaka da gangan, maza da mata da yara, da harbi da yunwa da ɗakunan guba. Mafi yawan matattun yaƙin nan ba su taɓa riƙe bindiga ba.

Fasali a kan rabon da ya faɗo mana

Da Faransa ta faɗi, gwamnanta na Afirka ta Yamma da ke Dakar, Pierre Boisson, ya bi gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, alhali gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle cikin Agustan 1940. Nan take Nijar ta zama ƙasar da ake tuhuma. Iyakar da ke arewa da mu, daga Illela zuwa Sabon Birni, wadda 'yan'uwa ke ƙetarewa don biki da kasuwa da kiwo, ta koma wurin sintiri da bincike har ƙarshen 1942, sa'ad da Dakar ta juya ta bi ƙawance. Bagobiri na nan da Bagobiri na can ba su yi faɗa ba, amma faɗan waɗansu ya raba su.

Kano ta zama zangon jiragen yaƙi. Ana kawo jirage a cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Khartum har Masar, kuma jirage fiye da 5,000 sunka bi wagga hanya. Saboda haka ne jirgin Jamus ya ratso hamada cikin Janairun 1942 ya jefa bam a Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau.

Sa'an nan ga ɗibar soja. 'Yan Nijeriya fiye da 100,000 sunka sa kaki, da yawansu daga Arewa, kuma Hausa ce harshen bariki. Su ne cikin waɗanda sunka karɓe Mogadishu daga Italiya cikin Fabrairun 1941, sunka bi ta Harar har anka fitar da ita daga Addis Ababa cikin Afrilu. Cikin 1943 anka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, anka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa dazukan Burma, wadda ake kira Myanmar yanzu. Sunka yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan cikin 1944, sunka ci Myohaung cikin Janairun 1945. Inda mota ba ta shiga, su ne ke ɗaukar harsashi da abinci a ka, cikin ruwan sama da zazzaɓi. Wanda ya ji ana cewa barikin Kalapanzin a Kaduna, ko Chindit a Zariya, ko Myohaung a Ikko, ya sani sunayen nan daga yaƙin Burma sunka fito, inda 'ya'yan talakawa sunka zubar da jini.

Wanda bai tafi soja ba shi ma bai tsira ba. Da Japan ta ƙwace Malaya da Singapore farkon 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 anka tilasta wa mutum wajen 100,000 daga lardunan Arewa, har da namu na Sakkwato, zuwa haƙar kuza, abin da mutane sunka laƙaba wa suna ɗiban gwamna. Mutumin da ya saba da zafin Rima anka kai shi sanyin dutse, ba bargo, ba ƙoshi, ba wurin kwana na kirki. Da yawa sunka mutu, da yawa sunka gudu. Anka matsa a noma gyaɗa, gwamnati ce ke yanke kuɗinta. Anka tara hatsi don soja da leburori, alhali cikin 1942 da 1943 damina ta gaza a waɗansu sassan Arewa. Gishiri da kananzir da yadi sunka yi wuya. Anka buɗe asusun taimakon yaƙi, har wata rundunar jiragen saman Ingila mai lamba 91 ta ɗauki sunan Nijeriya. Duk waɗanga buƙatu ta hannun En'e sunka biyo, daga Sarkin Musulmi Abubakar na uku, wanda ya hau cikin 1938, zuwa hakimai da dagatai da masu unguwa. Ahmadu Bello, wanda ya riƙe Rabah daga 1934 zuwa 1938, a lokacin yana Gusau da sarautar Sardauna yana duba gundumomin gabas, kuma Gusau da Ƙauran Namoda su ne bakin jirgin ƙasa da ke kwasar mutane da kaya na lardin.

Fasali a kan yaƙin baki

To, ta yaya ake sa mutum ya ba da ɗansa da hatsinsa don yaƙin da bai san mafarinsa ba? Tilas kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da zance. Wanga shi ne abin da ake kira farfaganda, kuma kowane ɓangare ya yi ta. Ku dubi yadda kowa ya nemi kunnen Musulmi.

Tun a yaƙin farko anka gwada. Cikin Nuwamban 1914 Shaihul Islami na Istambul ya fitar da fatawar jihadi a kan Ingila da Faransa da Rasha, amma fatawar ta tsallake Jamus, domin ita ce abokiyar Turkawa, ita ce kuma ta matsa a yi ta. Ingilishi su ma sunka nemi sarakunan Arewa su rubuta takardun biyayya, su ba da kuɗi daga baitulmali. Kowa ya ja rigar addini zuwa gefensa.

Cikin Maris na 1937 Musolini ya hau doki kusa da Tarabulus, anka miƙa masa takobi anka kira shi takobin Musulunci, anka yi shela cewa shi ne mai kare Musulmi. Wanga mutum shi ne wanda gwamnatinsa ta rataye Shehu Umar Mukhtar cikin Satumban 1931 a gaban dubban mutanensa da ta tsare a sansani, kuma wata guda kafin bikin takobin sojojinsa sun yi wa dubban mutanen Addis Ababa kisan gilla. Jamus ta buɗe shirin rediyo da Larabci daga Berlin cikin 1939, ana sa karatun Alƙur'ani, sa'an nan a bi da kiran Musulmi su tashi a kan Ingilishi da Yahudawa. Ita wannan Jamus, da ta kama sojojin Faransa cikin Mayu da Yunin 1940, ta riƙa ware baƙaƙe 'yan Afirka ta Yamma daga cikin fursunoni tana harbewa, kamar yadda anka yi a Chasselay, har adadinsu ya haura 1,000, kuma da yawansu Musulmi ne. Japan ta ce ta zo ta 'yantar da mutanen Asiya daga Turawa, ta kuma kashe dubun dubatarsu wajen aikin tilas na shimfiɗa hanyar jirgi tsakanin Burma da Thailand.

Na Ingilishi ya fi kusa da mu. Cikin 1938 jita-jita ta bazu cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus don a lallashi Hitila, kuma wagga na cikin dalilan da sunka sa anka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, Rupert East yana bisa aikin. Da anka ga yawancin masu karatu ba su san boko ba, sai anka fitar da 'Yar Gaskiya da ajami, domin malamai irinku su karanta wa jama'a a zaure da bakin kasuwa. Anka buga wata takardar labarin yaƙi mai suna Suda ana rabawa kyauta. Motocin majigi sunka riƙa yawo garuruwa suna nuna ƙarfin Ingila, anka nemi sarakuna su sa a yi addu'ar nasara.

Yanzu sai mu yi adalci, domin a nan darasin yake. Abin da Ingilishi sunka faɗa a kan Hitila gaskiya ne. Ya raina baƙar fata, ya rubuta haka da hannunsa, kuma da anka buɗe sansanoninsa cikin 1945 sai anka tarar muguntarsa ta wuce abin da jarida ta taɓa faɗi. Waɗanda sunka yaƙe shi sun taimaki duniya, kuma kakanninmu na Burma da Habasha suna da rabo cikin wanga alheri. Amma laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Takardar da ke ba da labarin zaluncin Jamus ba ta tsaya ƙirga waɗanda sunka mutu a ramin kuza ba. Majigi bai nuna yunwar Bengal ta 1943 ba, wadda ta kashe mutum tsakanin miliyan 2 da 3 a ƙasar da Ingila ke mulki. Ba a yi shelar cewa kuɗin sojan Afirka bai kai na Bature ba, ko cewa bulala ta ci gaba da hawa bayansa har anka soke ta cikin 1946. Cikin Agustan 1941 Churchill da Roosevelt sunka fitar da alkawarin Atlantika, wanda ya ce kowace al'umma tana da hakkin zaɓen masu mulkinta, mutane sunka yi murna daga Ikko har Indiya. Wata guda bayan haka Churchill ya gaya wa majalisar ƙasarsa cewa maganar ba ta shafi ƙasashen da Ingila ke mulki ba. Faransa kuwa, sojojin Afirka da sunka dawo daga kurkukun Jamus sunka nemi hakkinsu a Thiaroye kusa da Dakar, sai ta buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamban 1944. Ta ce mutum 35 sunka mutu, masu bincike sunka ce sun fi haka ƙwarai, kuma sai cikin 2024 shugabanta ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne.

Ashe ke nan mai yaƙin baki yana da hanya biyu. Wani ya ƙaga abin da bai faru ba, kamar na Gleiwitz. Wani kuma ya faɗi gaskiya a kan maƙiyinsa, ya yi shiru a kan kansa. Ta biyu ta fi wuyar ganewa, domin duk inda ka taɓa cikinta za ka iske gaskiya, sai dai an yanke mata rabi.

Akwai waɗanda sunka gane haka tun a lokacin. Abubakar Imam ya yi aiki da jaridar gwamnati, amma ya buɗe ta ga wasiƙun masu karatu, kuma da ya je Ingila cikin 1943 tare da 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya gana da Lugga ya bayyana masa ɓarnar da ke cikin mulkin En'e. Nnamdi Azikiwe a wagga tafiya ya miƙa takarda yana neman a cika alkawarin Atlantika a kan ƙasashenmu. A Bauci, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa sunka riƙa zaman muhawara a kan al'amuran mulki, Sa'adu kuma ya yi waƙar Maraba da Soja ga masu dawowa. Cikin Yunin 1945 ma'aikatan Nijeriya sunka yi yajin aiki na fiye da kwana 40 a kan tsadar rayuwa. Kalmar 'yanci da anka watsa don a samu soja, mutane sunka riƙe ta sunka nemi a biya, har 1960.

Fasali a kan abin da ya wajaba gare mu

Ya ku malamai, kun fi kowa sanin cewa ba a karɓar ruwaya sai an binciki mai ruwaya, daga wa ya ji, yaya halinsa, shin wani ya zo da irinta ta wata hanya. Wanga awo da kuke yi wa littafi shi ya kamata ku yi wa labarin duniya. Idan labari ya zo, ku tambaya wa ya aiko shi, kuma me yake so mu yi bayan mun ji, ɗa yake nema ko kuɗi ko ƙuri'a ko fushi. Ku tambaya me ya bari bai faɗa ba a kan kansa. Ku gwada maganarsa ta yau da aikinsa na jiya, kamar yadda takobin 1937 ke bayyana idan an ajiye shi kusa da igiyar 1931. Idan baƙo mai ƙarfi ya zo yana yabon addininku ko ƙabilarku fiye da kima, ku duba hannunsa.

Ba don tarihi kaɗai muke faɗin haka ba. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 anka sake rufe iyakar Illela da Ƙonni, Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris na 2024, kuma cikin waɗanga watanni zance iri iri ya yi yawo, wani na yabon Faransa da ƙawayenta, wani na yabon Rasha, kowanne yana lissafa laifin ɗayan. Tun daga 1957, da Ingila ta buɗe sashen Hausa a rediyonta, manyan ƙasashe sunka yi ta biyo bayanta da nasu, domin sun san darajar kunnen Bahaushe. Yanzu kuma wayar hannu ta shigo, saƙon murya a WhatsApp ko hoto a Facebook yana isa Tursa kafin mai keke ya isa Rabah, ba sunan mai ruwaya, ba ranar da anka ɗauka. Abin da Goebbels ya buƙaci ma'aikata guda don ya yi, yaro ɗaya yana iya yinsa da babban yatsa.

Mafi hatsari shi ne abin da ya shafi gida. Gabashin Sakkwato ta sha wuyar 'yan bindiga cikin shekarun nan, an kashe, an sace, an tashi garuruwa, kuma wanda anka zalunta yana da hakkin a bi masa kadinsa. Amma ku tuna da abin da Hitila ya fara da shi: ya sami mutane cikin wahala ta gaskiya, ya ɗauki laifi ya aza wa al'umma guda dukanta, jariri da tsoho. Duk wanda ya zo muku da cewa ƙabila kaza ce gaba ɗaya maƙiyiyarku, ko Bafulatani yake nufi ko Bahaushe, to wancan tsohon makami ne ya ɗauko, ko ya sani ko bai sani ba. Mai laifi yana da suna, a kira shi da sunansa, a bar maƙwabcin da bai yi kome ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka muna roƙon kowane malami mai makaranta ya ware lokaci ko sau ɗaya a mako, ya ɗauki labari guda da ke yawo a gari, ya zauna da manyan almajiransa su bi salsalarsa tare, har su saba. Wanda ake tambaya a majalisa ko bayan salla kada ya ji kunyar cewa a dakata sai an tabbatar, domin jinkirin kwana ɗaya ya fi gyaran ɓarnar shekara. Almajiri kada ya tura abin da bai san asalinsa ba, ko da ya yi daidai da abin da zuciyarsa ke so, domin irin wannan ne ya fi saurin kama mutum. Kuma inda akwai tsoho a gidanku wanda ya ji labarin Burma ko ɗiban gwamna daga bakin mahaifinsa, ku zauna ku rubuta abin da ya riƙe, da ajami ko da boko, da sunan gari da shekara. Rabin labarin da takardun gwamnati sunka bari yana wurin irin waɗanga mutane, kuma suna ƙarewa.

Allah ya jiƙan waɗanda sunka tafi ba su dawo ba, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Haza wassalam.